Minti biyu a kasko, minti goma a tukunya: nazarin gubar kan-goge ta 1994

Ranar 19 ga Mayu, 1994, wani gidan abinci a gundumar Steuben ta jihar Niyok a Amurka ya tuntuɓi ma'aikatar lafiya ta jihar da kansa. Wata tawaga ta mutum 20 da ta ci abinci a wurin daren jiya ta shiga tashin zuciya da amai da gudawa, wasu ma ba su jima da barin teburi ba abin ya taso musu. Nama da kifi aka saba tuhuma a irin wannan hali, amma a nan wasu daga cikin masu ciwon wani ɗan koren tsiro suka nuna, wanda aka soya da bota aka kawo musu.

Tsiron nan a Amurka da Kanada ana ce masa fidilhed, ma'ana kan goge, saboda naɗinsa ya yi kama da lanƙwasar da ake sassaƙawa a saman gogen Turawa. Da kan-goge za mu riƙa kiransa. Tohon ganye ne na wani tsiro daga dangin fan, tsirran nan masu son inuwa da danshi waɗanda ba sa fure ba sa 'ya'ya, sai wani gari-gari da suke saki iska ta kwasa. Tohon yana fasa ƙasa a nannaɗe kamar gammo, faɗinsa santimita 2 zuwa 3, sannan ya yi ta warwarewa har ganyen ya kai mita ɗaya ko ya wuce. A nannaɗen ake cinsa. Da zarar ya buɗe ya tashi daga abinci.

Nau'in da ake ci a arewa maso gabashin Amurka da gabashin Kanada shi ne Matteuccia struthiopteris, wanda ganyensa idan ya girma yake kama da gashin jimina, kuma daga jiminar sunansa ya samo asali. Fadamun koguna ne gidansa, inda ruwan dusar ƙanƙara ke malala idan ta narke, ya janye ya bar laka mai taushi. Daga ƙarshen Afrilu zuwa farkon Yuni ake samunsa, gwargwadon yadda sanyi ya saki wuri, amma a fadama guda kakar ba ta cika wuce mako biyu ba. Al'ummar Wolastoqiyik da ke bakin kogin Saint John a lardin New Brunswick na Kanada sun daɗe suna cinsa tun kafin zuwan Turawa, suna kiransa mahsus. Ƙauyen Tide Head a lardin har kirari yake yi wa kansa da cewa shi ne hedkwatar kan-goge ta duniya. Abinci ne da aka gada kaka da kakanni, kuma kafin 1994 ana lissafa wannan nau'in cikin waɗanda ba su da guba. Shi ya sa abin da ya faru a Steuben ya cancanci a bi shi daki-daki, daga fadama har faranti.

Abin da ƙidaya ta nuna

Gidan abincin ya yi girkin kan-goge a ranakun 6 da 7 da 18 ga Mayu. Jami'an lafiya suka bi waɗanda suka ci abinci a waɗannan ranaku ta waya, suka kafa ma'auni guda: duk wanda ya yi amai ko gudawa cikin awa 12 bayan ya ci abinci a gidan, ya shiga lissafi. Mutum 56 aka samu. Cikinsu 31 suka shiga. Gudawa ce ta fi yawa, ta kama 30. Mutum 22 sun yi tashin zuciya, 10 sun yi amai. Wani cikin rabin awa abin ya same shi, wani sai da ya kusa awa 12, matsakaicin kuwa ɗan ƙasa da awa 7. Wasu sun warware cikin 'yan awoyi, wasu sai da suka kwana uku.

Inda maganar ta fito fili shi ne da aka raba mutanen gida biyu. Cikin 45 da suka ci kan-goge, 30 suka kamu, wato biyu cikin uku. Cikin 11 da ba su taɓa shi ba, mutum ɗaya tak. Haɗarin wanda ya ci ya ninka na wanda bai ci ba sau bakwai da ɗoriya.

Akwai mutum 15 da suka ci daga girkin nan suka tashi lafiya ƙalau, kuma bai kamata a tsallake su ba. Su ne bayanin wata magana da ake yawan ji daga bakin masu ɗiba, cewa sun sha tauna shi ɗanye a bakin kogi ba su ga komai ba. Gaskiya suke faɗa. Sai dai a Steuben ma mutum ɗaya cikin uku bai ga komai ba, alhali na kusa da shi a teburi ya kwana yana zarya. Tsirar mutum guda ba ta wanke girki.

Saurin bayyanar ciwon ma alama ce. Ƙwayar cutar da sai ta hayayyafa a hanji kafin ta kwantar da mutum takan ɗauki rabin yini zuwa kwana biyu ko fiye. Abin da ya buge cikin rabin awa zuwa 'yan awoyi yawanci guba ce da ta riga ta kasance a cikin abincin: ko wadda ƙwayoyin Staphylococcus aureus da Bacillus cereus ke zubawa idan abinci ya jima a ajiye ba sanyi, ko wani sinadari daga waje kamar maganin ƙwari, ko kuma wani abu na jikin tsiron kansa. Hanyoyin da bincike zai bi ke nan. Amma kafin su akwai tambayar da duk wanda ya san daji zai fara yi.

Ko wani tsiron aka ɗebo?

Kusan duk dangin fan a nannaɗe suke tohowa, don haka naɗi kaɗai bai isa shaida ba. Nau'in da ake ci, wanda za mu kira gashin jimina, yana da alamu uku da ake so su haɗu a toho guda. Ta farko, a cikin kararsa, ɓangaren da ke fuskantar tsakiyar gindi, akwai kwari mai zurfi kamar indararo. Idan aka yanka karan a gicciye sai a ga siffar harafin U. Ta biyu, karan sumul yake, kore shar, babu gashi ko kaɗan. Ta uku, kan yana lulluɓe da wani siririn ɓawo ruwan ƙasa kamar busasshen ɓawon albasa, wanda ke fita da an murza. Sannan a dunƙule yake fitowa, toho da yawa a kewaye da gindi guda mai ɗan tudu. Gwanaye sukan gane fadamar tun kafin toho ya fito, domin ganyayen da ke ɗauke da garin haihuwa na bara suna nan tsaye tsakiyar gindi, gajeru, a bushe, launin ƙasa mai duhu, kamar an soka gashin tsuntsu a laka, kuma su ma suna da wannan kwarin a kara.

Wanda ya fi rikita sabon shiga shi ne wani fan mai launin kirfa, domin shi ma a dunƙule yake fitowa a wuri mai danshi. Bambancin a hannu ake jinsa: tohonsa lulluɓe yake da gashi kamar auduga, ba ɓawo ba, kuma babu zurfin kwarin nan.

Wanda ya fi haɗari kuwa shi ne birakin, Pteridium aquilinum. Ɗaiɗai yake fitowa, ba a dunƙule ba, ya fi son tudu da fili da inda aka yi gobara, kararsa ba ta da indararon, akwai gashi-gashi a jikinsa, kansa kuma ya rabu uku kamar ƙafar shaho da ta dunƙule. Yana ɗauke da wani sinadari, ptaquiloside, wanda masana a Japan suka ware a 1983, mai haddasa sankara a jikin dabbobi. Shanun da suka daɗe suna kiwo a cikinsa sukan yi fitsarin jini da ƙari a mafitsara. Duk da haka ana cinsa a Japan da sunan warabi, a Koriya da sunan gosari, amma ba haka kawai ba. A Japan ana zuba masa ruwan zafi da tokar itace ko garin soda na girki ya kwana a jiƙe, a zubar da ruwan. A Koriya a tafasa, a shanya, a sake jiƙawa, a sake tafasawa. Duk matar da ta taɓa tace ruwan toka don miya za ta gane dabarar: kaifin tokar ne ke karya sinadarin. Ragewa yake yi sosai, ba wanda zai rantse cewa ya kawar da shi kaf.

Nan ne maganar ta shafi mai karatu a yankinmu kai tsaye. Gashin jimina tsiron ƙasashen sanyi ne na arewacin duniya, ba ya fitowa a dajin Afirka ta Yamma. Birakin kuwa akwai shi a tsaunukan Kamaru da wasu sassan Afirka, har a Kwango ana cin tohonsa da sunan misili. Saboda haka wanda ya ga wani fan a nannaɗe a kan tsauni a nan kusa, ya tabbata ba shi ne wanda ake magana a kansa ba, kuma ƙa'idar girkin da za ta zo a gaba ba ta shafe shi ba.

A lamarin 1994 dai wannan ƙofa a rufe take. Gashin jimina aka ɗebo, shi aka ci, kuma da sunansa hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta fitar da rahoton a watan Satumba na shekarar.

Fadamar

An ɗebo kan-gogen daga wurare biyu a gundumar Chemung, maƙwabciyar Steuben. Fadama wuri ne da ruwa ke kawo komai: kashin dabbobi, ruwan masai idan ambaliya ta fasa magudana, takin zamani da maganin feshi daga gonaki. Naɗin tohon kuma tarko ne, yashi da laka suna maƙalewa a tsakanin zagayen. Zargin gurɓata ba shaci-faɗi ba ne. A Mayun 2018, da kogin Saint John ya yi mummunar ambaliya, hukumomin lafiya na New Brunswick sun gargaɗi jama'a da su guji kan-gogen da aka ɗebo daga wuraren da ruwan ya shafa, domin ya haɗu da najasa da man fetur da sinadarai, abubuwan da tafasa ba ta magance su duka.

Amma a Steuben gwaji bai kama komai ba. An nemi ƙwayoyin nan biyu masu zuba guba a abinci, ba a same su ba. An gwada magungunan ƙwarin da aka saba gwadawa, babu.

Tun da mun shigo fadama, bari a faɗi yadda ake ɗiba, domin akwai wata ɓarnar da ba ta kai kowa asibiti amma tana ƙarar da abincin. Ana ɗibar toho ne yana tsakanin santimita 5 zuwa 15 a saman ƙasa, kansa a matse gam. A kama karan ƙasa da kan, a bar masa santimita 3 zuwa 5 na kara, a karya shi baya. Ɗanyen kara yakan karye ƙas ba tare da ja ba. Wuƙa ma tana yi, sai dai a cikin cunkoson gindi tana yawan yankar na kusa da ba a yi niyya ba. Karan da aka bari a jiki ba asara ba ne, wasu ma sun fi son sa da kan, kuma shi ne ke ɗauke da shaidar kwarin nan ga wanda zai saya.

Nawa za a ɗauka daga gindi guda? Gindin yana shirya tohon baɗi ne da abincin da ganyayen bana suka tara masa a lokacin zafi. Duk tohon da aka karya, ganye guda ne da ba zai yi wa gindin aiki ba. David Fuller na sashen malaman gona na Jami'ar Maine a Amurka ya bi wannan tambaya har shekara huɗu. Gindayen da aka riƙa kwashe musu toho kaf kowace shekara sun faɗo daga toho kusan 5 zuwa ƙasa da 2, kuma kafin a gama binciken rabinsu sun mutu. Waɗanda aka riƙa ɗaukar rabi aka bar rabi sun ɗan ragu kaɗan, amma sun tsaya. Daga nan ƙa'idar ta fito: a ɗiba daga gindin da ke da toho huɗu ko fiye, kada a wuce rabi, kuma sau ɗaya a shekara. Matsalar da lissafin bai rufe ba ita ce ta mai zuwa daga baya. Wani ya ɗauki uku ya bar uku, gobe wani ya zo ya ga uku ya ɗauki biyu, yana ganin shi ma ya kiyaye. Maganinta duba gindi kafin a miƙa hannu: idan akwai sabon karyayyen kara, an riga an karɓi rabon bana, a wuce. Fadamun nan kuma yawanci suna da masu su, sai da izini ake shiga.

Gidan abinci na biyu

Da rikita tsiro da wani ya fita daga zargi, fadama ta fita, ajiya ta fita, saura kicin. A gidan da abin ya faru, soyawa ake yi sama-sama na minti biyu a bota da tafarnuwa da gishiri da masoro, a kai teburi. Babu tafasa kafin nan. Ba sakaci ba ne irin na ƙazanta. Salon girki ne da ake taƙama da shi, kayan lambu su fito kore shar suna ƙaras-ƙaras a baki. Koren wake da karas suna jure wannan salo, shi ne aka ɗora shi a kan abin da ba ya jurewa.

Sai ga wata sa'a da mai bincike ba ya samu kullum. Mutumin da ya kawo wa wannan gida kaya ya sayar wa wani gidan abincin a yankin. Can sai da suka tafasa shi minti goma kafin su soya da bota da lemun tsami. Mutum shida suka ci a ranar 18 ga Mayu, daren da tawagar nan ta 20 ta ci nata, kuma ba wanda ya yi ciwo.

Mutum shida ba yawa ba ne, kuma da su kaɗai ne hujjar da ta yi rauni. Amma idan haɗarin biyu cikin uku ne kamar na gidan farko, wuya ne shida su tsallake gaba ɗaya bisa sa'a. Ga kuma Kanada. A watan nan dai, ranar 17 ga Mayu, an kai wa hukumar lafiya ta Kanada rahoton mutum uku da suka kamu bayan cin abinci a wani gida a Banff, lardin Alberta, sannan ƙarin rahotanni suka biyo baya daga lardin British Columbia. Wani mai ɗiba ne daban, wata fadama ce daban a ɗaya gefen nahiyar, tazarar dubban kilomita. Abin da ya haɗa su da Steuben shi ne wuta: ɗanye aka ci, ko an soya sama-sama, ko an ɗan tsoma a ruwan zafi, ko an ɗumama a na'urar maikurowef. Masu bincike suka tsaya a kan cewa mafi kusa da gaskiya wata guba ce a jikin tsiron wadda zafi ke kashewa ko tafasa ke fitarwa cikin ruwa. Har yau kimiyya ba ta sa mata suna ba, kuma an ci gaba da samun ɓarkewar irin wannan ciwo jefi-jefi a ƙasashen biyu, kullum daga ɗanye ko wanda bai nuna ba.

CDC ta ba da shawarar a dafa sosai, misali tafasa ta minti 10. Kanada ta ce minti 15 a ruwa, ko minti 10 zuwa 12 a turare. Ta Kanada ce ta zauna, har Jami'ar Maine ma ita take koyarwa. Mu ma ita muke bi, saboda dalili mai sauƙi: minti goman gidan abinci a kan babbar wuta da ruwa mai yawa ba ɗaya yake da minti goman ƙaramin risho ba.

Yadda ake yi a kicin

Ɓawon ya fi sauƙin fita a bushe. Da ya jiƙe sai ya manne kamar takarda. A zuba tohon a faifai ko kwando a murza da tafin hannu, a sheƙe a iska kamar hatsi. Masu sarrafa da yawa sukan yi a gaban fanka ko su jujjuya shi a gangar waya. Sai wanki: a zuba a babban kwano na ruwan sanyi mai tsabta, a motsa da hannu, a tsame tohon sama a bar yashi a ƙasa, a zubar, a sake. Sau uku ko huɗu, har ruwa ya fito garau. Kada a tuntsurar da kwanon cikin matsami, yashin da ya kwanta zai koma kansa. A datse bakin karan da ya yi baƙi. Duk wanda ya yi yauƙi, ko ya yi laushi, ko ya fara buɗewa, a fitar.

A ɗora ruwa mai yawa da ɗan gishiri, wanda zai shanye kan-gogen gaba ɗaya, ya tafasa sosai kafin a zuba. Nan ne kuskuren da ya fi yawa yake. Zuba sanyayyen kaya yana kashe tafasa, kuma idan tukunya ƙarama ce kayan da yawa, sai a yi minti huɗu ko biyar kafin ta dawo. Wanda ya fara ƙirga tun daga zubawa ya ci bashin waɗannan mintuna. Daga lokacin da ruwa ya sake tafasa ake ƙirga 15. Idan kayan sun kai kilo biyu, gara a raba su zubi-zubi, kowane zubi da sabon ruwa.

Ruwan zai rine ya koma kamar shayi. A zubar da shi. Ba a yin miya ko romo da shi, kuma saboda wannan dalili ba a zuba ɗanyen kan-goge kai tsaye cikin miya ko shinkafa a ce ai zai dahu a ciki. A dafa shi daban, sannan ya shiga. Idan turarawa za a yi, a shimfiɗa shi bai ɗaya a madambaci, kada a tula, murfi a rufe, tururi na tashi sosai kafin a fara ƙirga 10 zuwa 12. Tuli yana barin na tsakiya ɗanye. Maikurowef ma matsalarsa ke nan, wani gefen ya ƙone wani bai ji wuta ba.

Ba za a ɓoye ba, minti 15 suna sa shi laushi, korensa ya dusashe, kuma masu girkin da ke ƙorafi a kan haka ba ƙarya suke yi ba. Ana rage asarar ta hanya uku. A zaɓi manya masu matsattsen kai, sun fi riƙe jikinsu. A fifita turarawa a kan tafasa, naɗin ba ya saki sosai. Sannan da an sauke a tsoma shi cikin ruwan ƙanƙara don dahuwar ta tsaya, a tsane shi a kan tsumma mai tsabta har ya bushe. Bayan nan ne soyawar minti biyun nan ta Steuben take da gurbi: kasko mai zafi, bota, tafarnuwa, a matsa lemun tsami a ƙarshe. Ɗanɗanonsa tsakanin koren wake da alayyafo, da ɗan bauri da ƙamshin ciyawa, kuma tsami da maiƙo su ne abokan tafiyarsa.

Idan an riga an yi kuskuren, ciwon yakan wuce da kansa cikin yini guda, wani lokaci ya kai kwana uku. Abin tsoro shi ne ƙarewar ruwan jiki, musamman ga tsofaffi da ƙananan yara da masu wata larura. A yi ta shan ruwa da haɗin gishiri da sukari, a je asibiti idan amai ya hana komai zama ko abin ya ƙi sauƙi.

Ajiya, inda minti biyun ke dawowa ta bayan gida

Kaka gajera ce, don haka ajiya dole ce. A firji, a wanke a tsane a rufe, kwanaki kaɗan yake yi kafin ya fara baƙi. Mai son ya ci a watan Janairu sai firiza. Bayan wanki, a tsoma shi cikin tafasasshen ruwa na minti biyu, kimanin lita 4 na ruwa ga kowane rabin kilo don tafasar ta dawo da wuri. A zubar da ruwan, a juye shi cikin ruwan ƙanƙara ya huce sarai, a tsane, a zuba a leda ko roba mai murfi a matse iska. Idan aka fara daskarar da shi a baje a kan tire kafin a ƙulla, ba zai dunƙule ya zama dutse guda ba. Yana kai shekara guda da kyansa. Wanda aka narkar ba a mayar da shi firiza.

Wasu suna jiƙa shi a ruwan khal da gishiri da kayan ƙamshi a kwalba. Wannan yana yiwuwa, amma da haɗin da aka gwada a ɗakin bincike, irin waɗanda Jami'ar Maine ta wallafa, da ruwan khal mai ƙarfin kashi 5 cikin ɗari, ba tare da an ƙara ruwa don rage tsami ba. Kan-goge ba shi da tsami na kansa. Duk kayan lambun da tsaminsa ya yi ƙaranci, wato ma'auninsa na pH ya haura 4.6, idan aka rufe shi a kwalba babu iska, ya zama gida ga Clostridium botulinum, wadda gubarta ke shanye jiki har ta tsayar da numfashi, alhali kwalbar ba lallai ta yi wari ko ta canja launi ba. Shi ya sa ba a rufe shi a ruwan gishiri zalla, ba a nutsar da shi a mai a ajiye a kanta. Hatta tukunyar matsi da ake rufe wasu kayan lambu da ita, hukumar lafiya ta Kanada ta ce kada a yi da kan-goge a gida, domin ba a tsayar da adadin mintunan da suka isa ba.

A koma ga ledar firiza. Tsomawar minti biyun nan aikinta kashe sinadaran da ke sa kayan lambu baƙi da ɗaci a cikin sanyi, ba dafawa ba ce. Amma bayan wata takwas, wanda ya buɗe ledar zai ga abu kore, mai laushi, kamar dafaffe, wataƙila ma ba shi ya ƙulla ba. Idan ya juye shi a kasko ya soya sama-sama, jimillar wutar da ya sha ba ta wuce minti huɗu ba, ba ta yi nisa da girkin minti biyun da ya kwantar da mutum 30 a Steuben ba. Daskarewa ba ta rage ko minti ɗaya daga cikin 15 ɗin. Saboda haka kafin leda ta shiga firiza a rubuta mata kwanan wata da alƙalamin da ba ya gogewa, a ƙasansa kuma a rubuta da manyan baƙaƙe: bai dahu ba, a tafasa minti 15, a zubar da ruwan.